MAKALAR MAKO: Daga Samanja Zuwa TikTok, Tarihin Ɗan Kallo da Muryar Ɗan Wasa

 

Ka samu dattijon da ya kalli Samanja shekara arba'in da suka wuce, ka ce ya ba ka labarin shiri guda daga farko har ƙarshe. Da wuya ya iya. Amma ka ce ya yi maka maganar Samanja, nan take za ka ga ya gyara zama, ya buɗe ƙirji, ya sauya murya. Labarin ya gudu, muryar ta zauna. Haka abin yake ga yaron da ya tashi a zamanin Ibro, haka yake ga yarinyar da ke bin Daɗin Kowa. Abin da ɗan kallo ya fi tafiya gida da shi shi ne yadda mutumin cikin shiri yake magana.

Tarihin wannan al'amari nake so mu bi yau: yadda 'yan kallo suka riƙa karɓar taurarin wasan kwaikwayon Hausa, rawar da karin harshe ya taka, da yadda wayar hannu ta ba ɗan kallo damar mayar da martani. Abin ya shafe mu, domin da yawanmu muna rubuta labarin da muke fatan wata rana ya zama shiri mai dogon zango, kuma mu ne muke raba wa taurarin labari harshe tun a kan takarda.

KAFIN ZUWAN AKWATI

Kwaikwayon maganar wani tsohon abu ne a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai, su ɗauki muryar wa'azi su zuba maganar tuwo da miya a ciki. Yara a watan azumi suna tashe, su yi shigar tsoho ko ta baƙo, su ari tafiyarsa da lafazinsa. Sannan ga wasan barkwanci tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Rabin wannan wasa a kan harshe yake. Ka kama yadda abokin wasanka yake furta wata kalma, ka juya ta, jama'a su yi dariya.

Sai dai barkwanci yana da ƙa'ida guda da ya kamata mu riƙe tun daga nan. Wanda ka tsokana yana gabanka, kuma yana da bakin ramawa. Bakano ya jefi Bazazzagi, kafin ya rufe baki an mayar masa da wadda ta fi tasa zafi, a tashi ana raha. Da rediyo da talabijin suka zo, wannan ƙa'ida ce ta karye. Mai magana yana cikin akwati, wanda ake kwaikwaya yana zaune a tabarma, ba shi da hanyar cewa uffan.

YADDA WATA HAUSA TA ZAMA "MARAR KARI"

Kafin mu shiga ɗakin shirye-shirye, sai mun tuna yadda aka yi wata Hausa ta zama ma'auni. Tun zamanin Turawa, da aka zo tsara rubutun boko, an jingina shi da Hausar Kano. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, da Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, duk sun taimaka wajen kafa abin da muke kira Daidaitacciyar Hausa. Ita aka koyar a makaranta, ita mai karanta labarai ya riƙa yi a rediyo. A hankali kunne ya saba, har aka ɗauka ita ce Hausa tsantsa, sauran kuma "kari" ne.

Alhali kowa da karinsa. Basakkwace ya ce "mi" inda littafi ya ce "me", ya ce "wanga" maimakon "wannan", "shina" maimakon "yana". A Zazzau za ka ji an ce "yarinya ne". A Bauchi za ka ji "ya kawo ruwa wa baƙo". Shi kansa Bakano da yake ganin shi ne ma'auni, "guri" yake cewa a inda littafi ya rubuta "wuri". A ƙetaren iyaka ga Damagaranci da Adaranci da Arewanci, ga Hausar zangon Kumasi da Akara. Babu wanda ya fi wani ƙa'ida a cikinsu. Tarihi ne kawai ya ɗora ɗaya a kan kujera.

ZAMANIN TASHOSHIN GWAMNATI

Talabijin ya shigo Arewa ta Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka buɗe nasu, kamar CTV ta Kano da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yau ake kira ARTV. A wancan lokaci akwatin ba a kowane gida yake ba. Gidan da ke da shi ya zama dandali, yara su cika tsakar gida, wasu su leƙa ta taga, a yi kallo tare, a yi sharhi tare.

A wannan zamani ne Samanja Mazan Fama ya yi tashe. Marigayi Usman Baba Pategi Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, kuma soja ne na gaske, ya sa kaki ya yi aiki. Hausar da ya ba Samanja ita ce Barikanci, wato Hausar da sojoji daga ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da ita a bariki, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, kuma tana cakuɗe da Turancin fareti. Jama'a sun yi ta dariya, amma mu lura da matsayin Samanja a cikin shirin. Shi ne mai ba da oda, shi ne mai tsawatarwa da sasanta rigima. Harshen nasa bai mai da shi wawa ba, shaida ce ta inda ya fito da aikin da ya yi. Soja da iyalinsa suna kallo suna ganin kansu. Har Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamban 2023, mutane da dama ba su san sunansa na yanka ba. Samanja ya rasu, abin da aka ce ke nan.

Ba shi kaɗai ba. A Kaduna ga Ƙasimu Yero na Karambana, wanda masu kallon shirin Turanci na Cock Crow at Dawn suka sani da Uncle Gaga. Ga Umaru Ɗanjuma Katsina da sunan Kasagi ya bi shi. A Jos ga Karkuzu. A Kano an yi Kuliya Manta Sabo da Bakan Gizo. A Sakkwato an yi Idon Matambayi.

Akwai wani abu a tsarin wancan lokaci da ba mu cika lura da shi ba. Kowace tasha tana yi wa mutanen yankinta wasa ne da 'yan wasan yankin. Idan shiri ya fito daga Sakkwato, mai gari Sakkwatanci yake yi, malami haka, ɓarawo haka, budurwa haka. Tunda kowa a cikin shirin bakinsu ɗaya, babu mai yi wa karin dariya. Halin mutum ake kallo.

Martanin ɗan kallo kuwa hanyoyinsa kaɗan ne: wasiƙa zuwa gidan rediyo ko talabijin, hira a majalisa, sai kuma haɗuwa da ɗan wasa a kasuwa. 'Yan wasa da dama sun sha ba da labarin yadda wanda ya fito a mugu yake shan harara da baƙar magana a titi, domin wasu ba sa raba mutum da rawar da ya taka. Babban martani kuwa na yara ne. Da safe a makaranta, wani ya zama Samanja, wasu su zama kuratansa, a maimaita shirin jiya a ƙarƙashin bishiya. Wannan shi ne kakan bidiyon masoya da muke gani yau, kyamara ce kawai babu.

KASET DA KASUWA

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, aka buɗe sabon babi. Yanzu ba albashin gwamnati ke ɗaukar nauyin wasa ba, mai saye ne. Kasuwar kuma Kano ce cibiyarta, daga Bata zuwa Ƙofar Wambai. Kaset ɗaya zai je Sakkwato, ya je Yola, ya je Maraɗi, saboda haka aka nemi Hausar da ake ganin kowa zai karɓa.

Daga nan rabon harshe ya sauya. Jarumi da jaruma, alhaji mai kuɗi da ɗansa da ya dawo daga karatu, duk suka koma Hausar birnin Kano da ɗan yayyafin Turanci. Karin harshe kuma aka tura shi bakin ƙofa: mai gadi, ɗan ƙauyen da ya shigo birni, mai sayar da ruwa, boka. Da zarar mutum ya buɗe baki da wani kari, ɗan kallo ya san lokacin dariya ya yi, tun bai ji me zai faɗa ba.

Fannin barkwanci ya gina kansa a kan wannan. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan a jihar Kano, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, gwani ne na kwaikwayo wanda samun irinsa sai an tona. Yana iya ɗaukar muryar kowa da salon kowa, har mawaƙin Kwango ya ara a Ibro Awilo. A gefensa aka samu masu fitowa a matsayin wata ƙabila dungurungum, irin su Ɗan Gwari da Baban Chinedu, waɗanda sunan wasan ma ya gaya maka da wane baki za su yi magana. Babu mai musun sun faranta wa miliyoyin mutane rai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kwaikwaya sun yi dariyar tare da kowa.

Amma ɗigon ruwa shi ke huda dutse. Idan shekara ashirin yaro yana ganin duk mai magana irin ta gidansu shi ne sakaran fim, wani abu yana zama a ransa. Duk wanda ya yi makarantar kwana ko babbar makaranta ya san ɗalibin da ya zo da karin garinsu, ya yi magana sau ɗaya a aji aka fashe da dariya, daga ranar ya fara ɓoye harshensa. Fim bai ƙirƙiri wannan raini ba, amma ya yi masa taki.

A wannan zamani ma sunan wasa ya ci gaba da cinye sunan yanka. Jamila Nagudu da Sadiya Gyale daga sunan fim suka samo nasu. Ɗan kallo ne yake raɗa sunan, ɗan wasa ya karɓa ko yana so ko ba ya so.

DAWOWAR SHIRI MAI DOGON ZANGO

Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, sai talabijin ya dawo da ƙarfinsa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, labarin wani ƙagaggen gari da ya tara mutane iri-iri: malami, mai shayi, ɗan siyasa, Musulmi da Kirista, ɗan gari da wanda rikici ya raba da gidansu. Shirin ya ci kyautar AMVCA a ɓangaren Hausa a 2016. Kamaye da Adama sun zama kamar maƙwabtan kowa, har ana buga misali da zamansu. Stephanie kuwa ta nuna cewa wadda ba Bahaushiya ba tana iya zama cikakkiyar mutum a shirin Hausa, mai matsalarta da mutuncinta, ba abin tsokana kawai ba.

A 2019 Kwana Casa'in ya zo da jihar Alfawa da Gwamna Bawa Maikada, 'yan kallo suka yi ta auna shi da gwamnonin da suka sani. A 2020 Labarina na Aminu Saira ya fara, haka Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube. A nan ne martani ya daina jiran mai kai wasiƙa. Ana saka shiri, kafin a kai ƙarshe sharhi ya cika ƙasa: wannan ya ce a raba auren, wancan ya ce a hukunta wance, wani ya yi rantsuwar ya daina kallo, mako mai zuwa kuma shi ne na farko.

Misali mai kyau shi ne lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Sunan bai sauya ba, labarin bai sauya ba, amma an daɗe ana muhawara. Abin da ya sauya shi ne fuska da murya da yadda ake jan kalma. Wannan ya nuna cewa a wajen ɗan kallo, tauraro ba suna ne a takarda ba, mutum ne da ya saba jin bakinsa.

Wani abin kuma, tauraron ɗan adam da intanet ba su san iyaka ba. Shirin da aka ɗauka a Kano, a dare ɗaya ake kallonsa a Damagaram da Tawa da Garwa da zangon Kumasi. Duk karin da ka ara don ba da dariya, mai shi yana cikin 'yan kallo.

WAYA TA BA ƊAN KALLO BAKI

Tun zamanin Bluetooth da memori, lokacin da masu tura fim a waya suka cika bakin kasuwa, mutane suka fara yanko gutsuren fim suna tura wa juna. Abin da ake yankowa kusan kullum magana ce: faɗan miji da mata, ƙaryar da aka kama, baƙar maganar da ta zauna daidai. Fassarar finafinan Indiya, wadda Algaita ta yi fice a kai, ta ƙara koya wa matasa cewa ana iya cire muryar hoto a ɗora wata, kuma sau da yawa sabuwar muryar ce ke sayar da fim ɗin.

Da TikTok ya yaɗu, kowa ya zama mai shiryawa. Wata ta ɗauki muryar tauraruwa ta motsa baki a kai tana wanke-wanke. Wasu samari su sake yin fitowa guda a ƙofar gida da bokiti a madadin kujerar ofis. Wani ya harhaɗa hotunan masoya biyu na cikin shiri ya ɗora waƙa. Wani ya zauna ya yi sharhin abin da yake hasashen zai faru a zango na gaba. Mafi ban sha'awa a wajena su ne masu ɗauko gutsuren wani fim su ɗora masa Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci, da matasan waɗannan yankuna da ke shirya nasu barkwancin da bakin gidansu. A bidiyonsu, mai karin shi ne mai wayo, shi ne ke cin ribar zance, ɗan birni ne ke shan kunya. Wato ƙa'idar nan ta barkwanci da akwati ya karya ta dawo: wanda aka tsokana ya samu bakin ramawa.

Ba duka ne alheri ba. Ana yanko magana a raba ta da muhallinta har ta koma wata ma'ana. Ana cin kuɗi da wahalar masu shiri ba tare da izininsu ba. Ana bin ɗan wasa har shafinsa a zage shi saboda laifin da marubuci ya ɗora wa tauraro. Kuma kwaikwayon ƙabila da a majalisa zai tsaya a raha, idan ya shiga duniya yakan zama cin fuska. Duk da haka, ɗan kallo ba zai koma tabarma ya yi shiru ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, kafin ka sa wa tauraro kari, ka koyi ƙa'idarsa. Kuskuren da ya fi yawa a rubutunmu shi ne a ɗauka Sakkwatanci watsa "munka" da "sunka" ne a ko'ina. Ba haka ba ne. Basakkwace yana cewa "munka" ne a inda Bakano zai ce "muka". Zai ce "jiya munka tahi", amma zai ce "mun tahi jiya". Haka "yaz zo" da "yat tahi" suna zuwa ne a gurbin "ya" ta cikin "shi ne ya zo". Inda Bakano ya ce "ne" da "ce", shi "na" da "ta" yake cewa. Wanda ya jefa su barkatai, ɗan yankin zai gane daga layin farko, kuma yanzu yana da wayar da zai nuna wa duniya.

Na biyu, ka duba rabon da ka yi. Jera taurarin labarinka, ka rubuta karin kowa a gaban sunansa. Idan ka ga duk masu ilimi da kuɗi da kyau bakinsu ɗaya, masu kari kuma mai gadi ne da 'yar aiki, to ka maimaita rabon zamanin kaset. A asibitocinmu akwai likitoci Zamfarawa, a kotuna akwai alƙalai 'yan Azare da Misau. Me zai hana su shiga labari da bakinsu?

Na uku, ga gwaji mai sauƙi ga kowace fitowar barkwanci. Mayar da maganar zuwa Daidaitacciyar Hausa ka karanta. Idan har yanzu da dariya a ciki, karin ado ne a kan abu mai kyau. Idan babu abin da ya rage, to mutanen wani gari kake sa a yi wa dariya, ba tauraronka ba.

Na huɗu, a rubutun zube ka bar bayanin mai ba da labari a daidaitacciyar Hausa, ka sa karin a bakin tauraro, shi ma daidai misali. Kalma biyu ko uku da suka zauna a muhallinsu sun fi shafi guda da mai karatu zai yi ta tuntuɓe. In ka gama, ka ba ɗan yankin ya karanta maka da babbar murya. A wannan zaure muna da 'yan kusan kowane yanki, babu uzurin rashin tambaya.

Daga yaran da ke fareti a ƙarƙashin bishiya zuwa masu motsa baki a TikTok, abu ɗaya ɗan kallo yake yi: yana ɗaukar maganar da ta burge shi ya mai da ita tasa. Duk layin da ka rubuta, wataƙila gobe ya fito daga bakin yaro a Gusau ko budurwa a Maraɗi. Ka rubuta shi yadda mai harshen zai maimaita shi ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Tambayar wannan mako: wane tauraro ne a shirin Hausa ya yi magana da karin garinku kuma kuka ji an yi muku adalci? Wanda kuma yake da fitowa mai kari a cikin rubutunsa, ya ajiye mana sakin layi ɗaya a ƙasa, 'yan yankin su duba masa.